Steam, itch.io, Patreon ko Kickstarter: ina za ka kai wasan labarinka na kimiyya?

Duk wanda ya fara tsara wasan labari mai hotuna, irin wanda ake karantawa a allo, hoton mai magana ya bayyana, rubutu na gudana a ƙasa, can a tsayar da mai karatu a ce ya zaɓi hanya, yakan ɗauka babbar matsalarsa ita ce manhajar da zai yi aiki da ita. Wannan kuwa an daɗe da sauƙaƙa ta. Ren'Py, wadda Tom Rothamel ya fitar tun 2004, kyauta ce, tana adana inda mai karatu ya tsaya, tana komawa baya, tana tsallake abin da aka riga aka karanta, tana kuma fitar da aiki don Windows, Mac, Linux da Android. Muddin ba yaƙin jiragen sama jannati za ka sa mai wasa ya tuƙa da hannunsa ba, ta ishe ka. Abin da ke durƙusar da irin wannan aiki yana gaba: ina za a kai shi, wa zai biya mai zane, kuma me zai riƙe masu karatu su jira shekara biyu ko uku kafin a kai ƙarshen labari?

Tambayar ta fi nauyi idan ƙagaggen labarin kimiyya ne kuma don manya aka yi shi. Labarin kimiyya yana cin zane. Wanda ya ajiye labarinsa a makaranta ko ofis zai iya sayen hotunan bango da aka riga aka zana da araha, amma tashar sararin samaniya, birnin da ke ƙarƙashin teku, ko ɗakin da ake kwantar da matafiya barcin shekara ɗari, sai an ƙirƙiro su daga farko. Sai kuma maganar "na manya", wadda kasuwannin nan suka raba gida biyu. Akwai labarin da ke taɓa yaƙi, kisa, cin amanar aure, shaye-shaye ko taɓin hankali, akwai kuma wanda ke nuna jima'i ƙarara. Na farko kusan ko'ina ana karɓarsa idan ka bayyana abin da ke ciki. Na biyu yana da dokokinsa daban, kuma a kansa yawancin haɗarin da za a ambata a ƙasa ya faɗa. Ka san a wane ɓangare aikinka yake tun kafin ka biya ko sisi.

Ma'aunin da za a bi

Abu biyar nake dubawa. Kuɗin shiga da kason da ake yanka. Sauƙin farawa. Yadda wurin ke kawo maka baƙin masu karatu, waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Ɗorewa, wato ko aikin zai ci gaba da kawo kuɗi bayan hayaniyar makon farko. Sai haɗari: wa ke da ikon rufe maka ƙofa, kuma da wane sanarwa. Akwai na shida da ba a cika lissafawa ba, shi ne yadda hanyar samun kuɗi ke lanƙwasa labarin kansa, kuma a kansa zan fi daɗewa idan an zo kan Patreon.

Steam

Kasuwar kamfanin Valve ita ce mafi girma ga wasannin kwamfuta. Ana biyan dala 100 kan kowane wasa, ana kuma mayar maka da ita idan cinikinka ya kai dala 1,000. Daga kowane ciniki Valve na ɗaukar kashi 30 cikin 100. Kason yana sauka zuwa 25 bayan dala miliyan 10, amma wannan ba lissafin mai farawa ba ne.

Ba a shiga da gaggawa. Akwai takardun haraji da na banki, akwai jiran kwana 30 tsakanin biyan kuɗin da fitar da wasa, shafin "yana nan tafe" kuma dole ya yi aƙalla mako biyu a buɗe. Ma'aikatan Valve za su duba shafin da wasan kansa, kuma za ka cike tambayoyi kan abin da ke ciki: zubar da jini, tsiraici, jima'i. Tun Janairun 2024 ana kuma tambaya ko an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen zane ko rubutu, amsar kuma tana fitowa a shafin. Masu karanta irin waɗannan wasanni suna da ido a kan zane, da yawansu kuwa suna juya baya da zarar sun ga wannan bayani.

Amfanin Steam shi ne yana kawo baƙi. Mutum ya gama wani labarin tafiyar lokaci, sai kasuwar ta nuna masa naka a gefe. Abin da ke tura wannan shi ne jerin buri, inda mai sha'awar wasa ke danna alama tun kafin ya fito, ranar fitarwa kuma a aika masa da saƙo. Shi ya sa buɗe shafi da wuri, wata shida ko shekara kafin a gama, ya fi kowace talla. Akwai kuma bikin Steam Next Fest da ake yi sau uku a shekara, Fabrairu, Yuni da Oktoba, inda ake baje ɗanɗanon wasannin da ba su fito ba, wato ɗan ɓangaren da ake ba mutane su gwada kyauta. Wasa sau ɗaya kawai yake shiga, don haka kada a ƙona damar da ɗanɗanon da bai nuna ba. Bayan fitarwa, sai an sami sharhi 10 daga waɗanda suka saya kafin makin wasan ya bayyana, kuma waɗannan goma na farko sukan fito ne daga mutanen da ka riga ka tara a wani wuri.

Abubuwa biyu ne ke cizon mai wasan labari a nan. Na ɗaya, dokar mayar da kuɗi: wanda ya saya cikin kwana 14 bai kuma kai awa biyu yana wasa ba zai iya neman kuɗinsa. Idan labarinka na awa ɗaya da rabi ne, mutum zai iya karanta shi tas ya karɓe kuɗinsa. Gajeren labari ba ya jin daɗin Steam sai farashinsa ya yi ƙasa sosai. Na biyu, idan aka sa wa wasanka alamar "manya kaɗai" saboda jima'i, kasuwar za ta ɓoye shi ga duk wanda bai buɗe wannan ɓangare da kansa ba, kuma a Jamus ba a ma nuna irinsa. Kamar ka kama rumfa a babbar kasuwa ne amma a can lungun da sai wanda ya san hanya. Tun 2018 Valve ta yarda da irin waɗannan wasanni, amma ita ke da maganar ƙarshe, kuma idan ta ƙi wasa ba ta cika sake dubawa ba.

Wajen ɗorewa babu kamarsa. Wasan da ya sami kyakkyawan sharhi yakan ci gaba da sayuwa shekaru, musamman lokacin rangwamen bazara da na hunturu.

itch.io

Leaf Corcoran ne ya kafa shi a 2013, kuma shi ne gidan ƙananan masu ƙirƙira. Babu kuɗin shiga, babu jiran amincewa. Ka ɗora wasa da safe, da yamma wani a Brazil yana karantawa. Kason da shafin ke ɗauka kai kake yankewa: an saita shi a kashi 10, kana iya ɗagawa ko ka mayar da shi sifili. Kana iya sa farashi, ko ka bar kyauta, ko ka ce mutum ya biya abin da ya ga dama. Idan an gina wasan yadda zai buɗe a burauza, mai karatu ba ya ma buƙatar saukewa.

Kan wasan dala 10, bayan dala ɗaya ta shafin da kusan senti 60 na kamfanin biyan kuɗi, abin da ya rage ya haura dala 8, a Steam kuwa 7 ne. Amma yawan masu saye ba ɗaya ba ne ko kusa. Mutanen itch.io sun saba da kyauta, suna da kirki wajen sharhi, suna gwada abin da ba a saba gani ba, sai dai aljihunsu ba ya buɗewa da sauƙi. Na fi kallonsa a matsayin wurin gwaji da tara mutanen farko. Kowane wasa yana da shafin labarin ci gaba, wanda ya bi ka kuma zai ga duk sabon abin da ka rubuta. A can ake yin NaNoRenO kowane watan Maris, inda ake ƙoƙarin gama wasan labari cikin wata guda. Ga wanda ke neman mai zane ko mai kiɗa da zai yi aiki da shi, babu wurin haɗuwa da ya fi wannan, don za ka ga wanda ke cika alkawari kafin ka damƙa masa aikin shekara biyu.

An daɗe ana ɗaukar itch.io a matsayin mafaka ga ayyukan manya. Yulin 2025 ya sauya wannan tunani, kuma zan dawo kansa.

Patreon

Wannan ba kasuwa ba ce. Mutane ne ke ba ka kuɗi duk wata don ka ci gaba da aiki, kai kuma kana ba su sabon babi kafin kowa, zanen da ba a gama ba, ko damar jefa ƙuri'a. An kafa shi a 2013. Waɗanda suka buɗe shafi bayan farkon Agustan 2025 ana cire musu kashi 10, ban da kuɗin sarrafa biya, wanda yake kusan kashi 3 da 'yan senti kan kowane mai tallafi. A ce kana da mutum 200 kowa na ba da dala 5: dala 1,000 ke nan, abin da zai iso hannunka kuma ya ɗan haura 800. Wannan zai iya biyan mai zane hotunan bango biyu ko uku a wata, kuma shi ne dalilin da ya sa wasannin labari na manya da yawa suka rayu a kansa. Cikin huɗun nan, shi ne aka gina musamman don ya riƙa biyan ka alhali aikin yana tafiya.

Buɗewa ba wuya, sai dai mai ayyukan manya dole ya tabbatar da shekarunsa da katin shaida. Wahalar ita ce Patreon ba ya kawo maka kowa. Shafin da aka yi wa alamar manya ba a tallata shi, duk wanda ya zo kai ka kawo shi daga wani wuri.

Ga inda nake so mai labarin kimiyya ya tsaya ya yi tunani. Irin wannan labari yana tsaye ne a kan tsari. A ce jirgi ne ɗauke da mutane dubu a barci, likitar jirgin ta farka ta gano an sauya kwanan watan da ke littafin tafiya. Marubuci ya riga ya binne alamu a babi na ɗaya: lambar wata ƙofa, ƙurar da ta yi yawa a kan wani teburi, injiniyan da gashinsa ya fi yadda ya kamata tsawo. Injiniyan nan dole ya mutu a babi na biyar, in ba haka ba ƙarshen ba zai tsaya ba. To amma a babi na uku masu tallafi sun ƙaunace shi. Kowace ƙuri'a shi ke cinyewa, masu biyan dala 20 suna neman a ƙara masa fitowa, kai kuma ka san ranar da ka kashe shi wasu za su janye kuɗinsu. Haka labarai masu kyau ke miƙewa su rasa ƙashin baya. Ƙari a kan haka, tsarin ba ya son a gama: ranar da ka rubuta "ƙarshe", dalilin biyan ya ƙare. Akwai wasannin da suka shekara biyar ko fiye suna fitar da babi ba tare da alamar kammalawa ba, kuma masu karatu sun fara gane su tun daga nesa.

Maganin yana da sauƙin faɗa. Rubuta ƙarshen labarin kafin ka buɗe shafin. Faɗa wa mutane babi nawa ne. Idan za ka ba da ƙuri'a, a yi ta a kan tufafi, sunan wata duniya, ko ɗan gajeren labarin gefe, kada ta taɓa wanda zai rayu da wanda zai mutu.

Sauran nauyin su ne gajiya da sata. Wata biyu shiru, mutane sun fara ficewa, don haka rashin lafiya ko rasuwa a gida kan zama asarar kuɗi nan take. Babin da ka ba masu tallafi kuma kusan ko da yaushe yakan bazu a wasu shafuka cikin ɗan lokaci. Abin da ake biya a gaskiya shi ne kusanci da kai da son ganin aikin ya kai gaci. Dokokin abin da aka hana ma suna da tsauri tun 2017, har a cikin ƙagaggen labari: tilastawa, jima'i tsakanin 'yan uwa, da makamantansu. Mai labarin kimiyya ya lura, don jigogi irin su goge tunanin mutum ko sarrafa ƙwaƙwalwa, idan suka haɗu da soyayya, mai dubawa zai iya karanta su a matsayin tilas.

Kickstarter

Shafi ne na neman jama'a su haɗa maka kuɗin aiki tun kafin ka yi shi. A nan kana sa adadin da kake nema da wa'adi, wanda ba ya wuce kwana 60. Idan an cika, ka karɓa, a cire kashi 5 da kuma 3 zuwa 5 na sarrafa biya. Idan ba a cika ba, ko da dala ɗaya ta rage, ba ka samun komai. Kyawunsa shi ne dunƙulallen kuɗi a hannu, wanda zai ba ka damar ɗaukar mai zane na wata shida ba tare da ƙuri'ar kowa ba. Amma taron da ka riga ka tara ne yake juyawa zuwa kuɗi, ba ya tara maka sabo. Ba ya karɓar batsa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: duk alkawarin da ka ɗora don jan hankali, muryoyin 'yan wasa, ƙarin hanyoyi uku, littafin zane da za a aika ta gidan waya, bashi ne a wuyanka. Da yawa daga cikin waɗanda suka sha wahala a nan alkawarin ƙari ne ya kayar da su.

| | Steam | itch.io | Patreon | Kickstarter |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | dala 100 | babu | babu | babu |
| Kason da ake yanka | 30% | kai ke sawa, an saba 10% | 10% da kuɗin biya | 5% da kuɗin biya |
| Sauƙin farawa | makonni da takardu | rana ɗaya | rana ɗaya | watanni na shiri |
| Kawo baƙi | sosai | kaɗan | kusan babu | kaɗan |
| Lokacin samun kuɗi | bayan fitarwa | bayan fitarwa | duk wata | sau ɗaya, kafin aiki |
| Ɗorewa | shekaru | a hankali | muddin kana fitarwa | babu |
| Babban haɗari | ƙin amincewa, mayar da kuɗi | ɓoyewa daga bincike | gajiya, lanƙwasar labari | rashin cika adadi |

Haɗarin da ya haɗa su duka

A Yulin 2025, bayan wata ƙungiya a Ostireliya mai suna Collective Shout ta matsa wa kamfanonin biyan kuɗi irin su Visa, Mastercard da PayPal, Valve ta ƙara doka cewa ba ta karɓar abin da zai saɓa wa ƙa'idojin waɗannan kamfanoni da bankuna, ta kuma cire wasanni da dama. A watan nan ne itch.io ya ɓoye duk abin da ke da alamar manya daga bincike, ba tare da gargaɗi ba. Daga baya ya fara dawo da na kyauta, amma waɗanda suka dogara da ciniki sun ji a jikinsu, har da masu labarai masu nauyi da suka sa alamar don gaskiya da kare mai karatu. A 2024, shagon DLsite na Japan ya dakatar da karɓar Visa da Mastercard. Ma'ana, mai ikon gaske ba kasuwar ba ce, kamfanin katin ne, kuma sauya kasuwa ba ya raba ka da shi.

Don haka idan labarinka zai tsaya da ƙafarsa ba tare da nuna jima'i ƙarara ba, ka bar shi a haka. Ƙofofi huɗun duk za su kasance a buɗe, masu nuna wasa a YouTube da Twitch za su iya nuna shi, Jamus ma ba ta rufe ba. Abu ɗaya kuwa babu sassauci a kansa a ko'ina, kuma daidai ne: duk halittar da ta yi kama da yaro ba ta da wuri a wannan fage, ko da labari ya ce mutum-mutumi ce mai shekara dubu.

Haka kuma kada jerin masu karatunka ya zauna a hannun wani. Tun daga ɗanɗanon farko, sa hanyar da mutum zai ba ka imel ɗinsa, ka riƙa aika wasiƙa sau ɗaya a wata: hoto ɗaya sabo, abin da aka gama, abin da ya makara da dalilinsa. Zauren hira a manhajar Discord yana da daɗi don masu karatun labarin kimiyya suna son haɗa alamu su yi gardama kan abin da zai faru, sai dai yana cin lokaci, kuma zauren da ya yi tsit ya fi rashinsa muni. Kada ka buɗe shi sai akwai masu magana.

Ga mai aiki daga Najeriya, Nijar ko Ghana akwai ƙarin lissafi. Kickstarter ba ya barin mazauna waɗannan ƙasashe su buɗe neman tallafi, sai dai ta hannun abokin aiki a ƙasar da aka yarda da ita. Kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninsu da Amurka, ana cire kashi 30 daga kasonka na cinikin da aka yi a Amurka. Wasan dala 10 da Ba'amurke ya saya a Steam, dala 7 ɗinka za ta koma 4.90. Ka kuma tabbatar da hanyar karɓar kuɗi tun kafin fitarwa: Steam ta banki yake turawa idan kuɗin sun kai dala 100, itch.io da Patreon kuwa suna aiki da Payoneer, kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe.

Wa ya dace da wanne

Idan wannan ne aikinka na farko, ko labarin bai kai awa biyu ba, ka tsaya a itch.io. Ba ka asarar komai, za ka kuma ji abin da baƙi ke cewa.

Idan kana da cikakken labari mai tsawon awa shida ko fiye, da kuɗin da za ka gama shi da kanka, Steam ne. Saki babi na farko kyauta a itch.io, buɗe shafin Steam da wuri, ka tura kowa can ya danna jerin buri, ka ajiye Next Fest sai ɗanɗanon ya yi kyau.

Idan ba ka da jari amma kana iya fitar da wani abu duk wata ko biyu ba fashi, kuma ƙarshen labarin yana rubuce a hannunka, Patreon zai ɗauke ka, da niyyar kai cikakken wasan Steam idan an gama. Wanda aikinsa ke zuwa da yanayi, wata uku yana rubutu wata uku shiru, ya nisance shi.

Idan ka riga ka gama wasa ɗaya, kana da mutane ɗaruruwa da ke buɗe wasiƙarka, kuma abin da ya rage kuɗin zane ne ko muryoyi, Kickstarter ya dace, da adadi mafi ƙanƙanta da zai gama aikin. Masu tallafin kuma kana iya ba su makullan Steam, wato lambobin da ke buɗe wa mutum wasan ba tare da ya saya a can ba, waɗanda Valve ke bayarwa ba tare da yankar kaso ba.

Wanda kuwa aikinsa ya faɗa ɓangaren "manya kaɗai", ya karanta dokokin kowane wuri kafin a zana hoton farko, ya ajiye wasan a wurare biyu aƙalla, ya kuma tsara kasafinsa yadda zai iya kai ƙarshe ko da ɗaya daga cikinsu ya rufe.